Kik ɗin tsofaffin motocin ƙarfi na Amurka: tambayoyi da amsoshi kan gane wanda ya dace

Masu farfaɗo da tsofaffin motocin Amurka na tsakanin 1964 da 1972 sukan kashe dukiya a kan fistin da kafireto da fenti, su bar kik, wato na'urar lantarkin da ke juya inji ya tashi, sai ranar da za a tayar da inji. A ranar ne ake gane cewa wanda aka sayo bai shiga ba, ko ya shiga amma yana cin haƙoran filawul, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji wanda kik ke juyawa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yawan yi a kan wannan, kuma kusan dukansu suna komawa ga abu biyu da ya kamata a raba tun farko: kik ɗin da zai tayar da inji daban, kik ɗin da masana'anta ta ɗaura wa motar daban.

Waɗanne motoci ake magana a kai, kuma me ya sa kik ɗinsu ya zama abin bincike?

Su ne motocin da kamfanonin Detroit suka cusa wa manyan injina masu silinda 8 a jiki matsakaici. Galibi ana fara lissafi daga Pontiac GTO ta 1964 mai inji 389, sai irin su Chevelle SS, Camaro Z/28, Oldsmobile 442, Mustang Boss 302, Dodge Charger da Plymouth Road Runner. Injinan suna da matsi mai yawa. Na Z/28 mai lamba 302 yana da 11 bisa 1, LS6 454 na Chevelle ta 1970 yana da 11.25, L88 427 kuwa ya kai 12.5. Juya irin wannan inji, musamman idan ya yi zafi, ba aikin kowane kik ba ne.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Motar da kowane ɓangarenta ke ɗauke da lambar da ta dace da kwanan watan da ya dace ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma alƙalan gasa a ƙungiyoyi irin su NCRS ta masu Corvette da Mustang Club of America suna leƙa ƙarƙashin mota da tocila su karanta abin da aka buga a jikin kik.

Na san sunan motata da shekararta. Hakan bai isa in yi oda ba?

Bai isa ba. Motar da ta haura shekara 50 ta bi hannaye da yawa, kuma abu ne mai yiwuwa an taɓa sauya mata inji, ko giyabos, ko filawul, ko duka ukun. Mai kanti zai duba littafinsa ya ba ka abin da ya kamata a ce yana cikin motar. Kik kuwa ba ruwansa da sunan da ke jikin bonet, da haƙoran filawul yake hulɗa.

Don haka fara da abin da ke gabanka. Karanta lambar da aka buga a bulok. A Chevrolet tana kan wani ɗan shafaffen wuri a gaban bulok ɗin, gefen fasinja. Idan ka ga V0412DZ, V na nufin masana'antar Flint, 0412 ranar 12 ga Afrilu ce, DZ kuma injin 302 na Z/28 ta 1969. Wanda ya fara da T daga Tonawanda ya fito. Bayan wannan ka tabbatar da irin giyabos, sannan ka ƙirga haƙoran filawul.

Ƙirgar ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri. Cire kan batir, cire fulogogi don inji ya yi saukin juyawa, buɗe murfin da ke ƙarƙashin filawul, shafa alli a haƙori ɗaya, ka riƙa juya inji da hannu kana ƙirgawa har allin ya dawo. Idan injin yana ƙasa ba a ɗaura shi ba, tef ɗin awo ma ya wadatar.

Mene ne batun haƙora 153 da 168 a Chevrolet?

Nan ne mafi yawan kuskure ke faruwa. Chevrolet ta yi amfani da filawul iri biyu: ƙarami mai haƙora 153 da faɗin inci 12.75, da babba mai haƙora 168 da faɗin kimanin inci 14. Kik ɗin Chevrolet a jikin bulok ake ɗaure shi daga ƙasa da noti biyu, saboda haka dole ramukan notin su ajiye shi a nisan da ya dace da girman filawul.

Kife kik ɗin ka dubi ramukan biyu. Idan suna kan layi ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, galibi na haƙora 153 ne, kuma noti ɗaya dogo ne ɗaya gajere. Idan ɗaya ya ja gaba ɗaya ya ja baya a karkace, na 168 ne, notocinsa biyu tsayinsu ɗaya. Bulok da yawa suna da ramuka uku don su karɓi kowanne, shi ya sa mutum zai iya ɗaure wanda ba shi ba lafiya lau, sai ya murɗa makulli ya ji kik yana gudu shi kaɗai a iska, ko kuma hancinsa ya tokare filawul.

Kada ka ɗauka babban inji kullum babban filawul yake da shi. L88 427 ƙaramin filawul aka ba shi don ya yi saurin ɗaukar wuta. Akwai kuma abin da ba a wasa da shi: injin 400 da 454 wani ɓangare na daidaiton nauyinsu yana jikin filawul ne. Wanda ya sauya filawul don kawai ya dace da kik ɗin da ke hannunsa, ya sa na 350 a 454, zai sami inji mai karkarwa da zai cinye kansa. Kik ake sauyawa.

Bulok ɗin 265 na 1955 da 1956 ba su da ramukan kik sam, a jikin ƙoƙon da ke rufe kuloci ake ɗaure nasu da noti uku.

Hancin kik na baƙin ƙarfe ko na alminiyam, akwai bambanci?

Akwai, kuma ba na ado ba ne. Motar Chevrolet mai giyar hannu da babban filawul da kuloci mai inci 11, ƙoƙon giyabos ɗinta yana da ƙaramin aljihu inda hancin kik ke shiga. Hancin baƙin ƙarfe siriri ne, yana shiga. Na alminiyam da aka yi wa otomatik ya fi kauri, yakan tokare. Wasu sukan ɗauko garanda su goge shi har ya shiga. Yana aiki, amma a motar da ake so ta koma yadda ta fito daga masana'anta wannan ɓarna ce, tunda hancin da ya dace yana nan ana samunsa.

Yaya zan gane kik mai ƙarfi daga na gama-gari, tunda duk kamarsu ɗaya?

Kama da wane ba ta wane. Kik ɗin Delco-Remy na wancan zamani, wanda ake kira 10MT, ya fito a ƙarfi biyu, kuma daga nesa ba ka rabe su. Dubi bayan solanoid, ɗan gwangwanin da ke kan kik mai tura giyarsa ya haɗa masa wuta, inda wani ɗan lebatun jan ƙarfe ke fitowa daga cikin gangar kik ya haɗu da shi. A na gama-gari, lebatun yana manne da solanoid kai tsaye da gajeren sukuru. A mai ƙarfi, ramin da lebatun ke fitowa ya ja baya saboda naɗin wayar da ke ciki ya fi tsawo, don haka akwai wani ɗan bututun jan ƙarfe da aka sa a tsakani da dogon sukuru. Ganin wannan bututun shi ne alamar farko. Injin 396, 427, 454 da 350 mai ƙarfi duk wannan suke bukata.

Sai dai ganga ba ta ba da tabbacin abin da ke cikinta. Masu gyaran kik na haya sun daɗe suna haɗa gangar wannan da amacar wancan, wato sandar da ke juyawa a cikin gangar. Idan kik ya taɓa bi ta hannunsu, buɗe shi ka gani.

A ina lambar Delco-Remy take, kuma yaya ake karanta ta?

An buga ta a jikin gangar, sau da yawa fenti da tsatsa sun rufe ta. Goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, kada ka sa takardar yashi mai kaushi domin bugun ba shi da zurfi. Za ka ga lamba mai alƙaluma 7, a wannan zamanin tana farawa da 1107 ko 1108. Misali, 1108367 ita ce ta Z/28 ta 1969, 1107365 tana kan manyan injina 396 da 427 masu giyar hannu na tsakiyar shekarun 1960, 1108418 kuma ta gaje ta a 1969. Kowane haɗin inji da giyabos yana da tasa, kuma littafin harhaɗa motar na masana'anta shi ne alƙali, ba jerin da wani ya rubuta a intanet ba.

Kusa da ita akwai kwanan wata: alƙalami ɗaya na shekara, harafi ɗaya na wata, sannan rana. A shi ne Janairu, B Fabrairu, haka har H na Agusta. An tsallake I don kada a ruɗa shi da 1, saboda haka J Satumba ne, K Oktoba, L Nuwamba, M Disamba. 8K14 ke nan 14 ga Oktoba, 1968. Alƙalamin 8 kaɗai zai iya zama 1958 ko 1978, lambar kayan ce ke raba gardama. A garin Anderson na jihar Indiana kamfanin yake ƙera su, daga nan a kai masana'antun harhaɗa motoci.

Solanoid ma yana da tasa lambar, mai farawa da 1114, kuma masu tsananin bin diddigi har murfinsa suke dubawa.

Wane kwanan wata ne ya dace da motata?

Wanda ya riga ranar da aka harhaɗa motar, amma ba da nisa ba. Yawanci tazarar 'yan makonni ce zuwa wata biyu ko uku. NCRS tana karɓar har wata 6 kafin ranar motar. Kik ɗin da aka buga wa rana ko da ɗaya bayan motar ta bar masana'anta ba nata ba ne, komai kyawunsa.

A Camaro ranar tana kan ɗan farantin da ke ƙarƙashin gilashin gaba, cikin ɗakin inji: 04C na nufin mako na uku na Afrilu. Ka tuna shekarar samfuri ba ita ce shekarar kalanda ba. An fara ƙera motocin 1969 tun wajen watan Agustan 1968, don haka kik mai 8K daidai yake a motar 1969 ta farkon fitowa. Camaro ta 1969 ma an ci gaba da ƙera ta har Nuwamban 1969, saboda haka 9J a jikinta ba abin mamaki ba ne.

Kik ɗin Chevrolet zai shiga Pontiac ko Oldsmobile, tunda duk General Motors ne?

A'a. A wancan lokacin kowane reshe nasa injin yake ƙerawa. Kik ɗin Chevrolet yana gefen fasinja, na Pontiac da Oldsmobile yana gefen direba, hancinsu daban, kuma filawul ɗin Pontiac haƙora 166 gare shi. Kayan ciki irin su buroshi da bushin sukan yi daidai, amma kik ɗin gaba ɗaya ba ya musanyuwa.

Yaya lamarin yake a Ford?

Tsarin Ford daban ne tun daga tushe. Mafi yawan kik ɗinta na wannan zamani ba su da solanoid a kansu. Akwai wani tudu mai murfin gwangwani a jikin gangar, a ƙarƙashinsa wani ƙarfe ne da maganaɗisu ke fizgowa ƙasa ya tura giyar kik cikin filawul. Rilen da ke ba shi wuta yana can sama a jikin fenda kusa da batir, waya ɗaya ce mai kauri ke saukowa. Sunan Autolite ke jikinsu, daga farkon shekarun 1970 aka koma Motorcraft.

A ƙananan injina, 289 da 302 da 351, filawul yana zuwa da haƙora 157 ko 164, amma abin da ke raba kik ba yawan haƙoran ba ne kai tsaye, zurfin da suke ne. A Ford jikin ƙoƙon giyabos ake ɗaure kik, don haka ƙoƙon ne ke kula da faɗin filawul. Abin da ya rage wa kik shi ne ya miƙa giyarsa daidai inda haƙoran suke. Otomatik, da giyar hannu mai haƙora 157, suna son mai dogon miƙi, kimanin kashi uku cikin huɗu na inci. Giyar hannu mai haƙora 164 tana son gajere, kashi uku cikin takwas. Mai kanti zai ce maka “na otomatik” da “na manuwal”, kuma wannan sunan ne ke jefa masu Mustang mai giyar hannu da ƙaramin filawul cikin asara, domin su “na otomatik” ne nasu. Sa rula ta ramin kik ka auna daga fuskar farantin zuwa bakin haƙora, ka huta da gardama.

Wannan farantin siririn ƙarfe da ke tsakanin bulok da ƙoƙon giyabos, kada a manta da shi ranar haɗa inji. Ramin da ke jikinsa ne ke zaunar da kik a gurbinsa. Idan babu shi, ko aka sa na wani girman filawul, kik zai yi ta kuka ko da sabo ne fil.

Manyan injinan FE, wato 390, 427 da 428, kik mai noti uku suke ɗauka. Daga 1965 filawul ɗinsu haƙora 184 ne. Na kafin nan tsohon tsari ne mai doguwar sanda, kuma ba a haɗa kik ɗin wannan zamani da filawul ɗin wancan.

Lambar Ford fa?

Tana kama da C7AF-11001-B. C shekarun 1960 ne, D kuma 1970. Alƙalamin da ke biye shekara ce, wato 1967 a nan. Harafi na uku yana nuna irin motar da aka fara zana kayan dominta: A babbar Ford, O Fairlane, Z Mustang. 11001 na nufin kik, a littafin kanti kuma 11002 za ka gani. Harafin ƙarshe shi ke nuna gyare-gyaren da aka yi wa zanen.

Abu biyu ke ruɗa mutane. Shekarar da ke cikin lambar ta zane ce, ba ta ƙira ba, don haka kik mai C7 zai iya zama na asali a motar 1969, kuma mai A zai iya zama na asali a Mustang. Na biyu, da yawa da tawada aka buga musu lamba, wanki ɗaya da fetur ya tafi da ita. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai. Motocin Ford daga 1967 ana iya samun rahoton kamfanin Marti da ke nuna inji da giyar da suka fito da su, kamar yadda masu Pontiac ke samun nasu daga PHS, masu ajiyar bayanan tsofaffin motocin Pontiac.

An ce kik ɗin Dodge da Plymouth ya fi sauƙin ganewa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, har da kunne ana gane shi. A 1962 Chrysler ta fito da kik mai giyar rage gudu a ciki, 3.5 bisa 1: injin lantarkin da ke cikin kik yana gudu da sauri, giya ta mayar da gudun ƙarfi. Wannan ne ya ba shi siririn kukan nan da Amurkawa suka yi wa laƙabi da tsuntsun Highland Park, garin da hedikwatar kamfanin take. Hancinsa alminiyam ne, solanoid a cikin gidan yake, yana gefen direba a jikin ƙoƙon giyabos. Kusan iri ɗaya ne daga inji mai silinda 6 har 440, ko filawul mai haƙora 130 ne ko 143. A otomatik TorqueFlite kuwa haƙoran a jikin kwanbata suke, wato abin da ke madadin kuloci a otomatik.

Lambar 2095150 ita ce ta mafi yawan shekarun 1960, 2875560 ta biyo bayanta wajen 1970. Kwanan watansu mako ne da shekara, ba rana ba.

Wanda ya fita daban shi ne 426 Hemi mai giyar hannu 4 daga 1966 zuwa 1969. Filawul ɗinsa haƙora 172 ne, kik ɗinsa kuma mai juyawa kai tsaye ne ba giyar ragewa. Ba a ƙera su da yawa ba, kuma farashin na asali a yau yakan sa mutum ya sake duba takardar sau biyu. Hemi na 1970 da 1971 ya koma haƙora 143 da kik irin na sauran.

AMX da Javelin fa?

American Motors (AMC), mai waɗannan motocin, ba ta ƙera nata kik ba, saye take yi. A injinanta 390 da 401 galibi irin na Ford za ka tarar, da tudunsa da rilensa a fenda, amma hancin na AMC ne. Na Mustang ba zai maye gurbinsa ba.

Sabon solanoid ɗina yana da ƙaramin wurin ɗaure waya ɗaya, tsohon biyu gare shi. Akwai matsala?

Idan motarka General Motors ce kuma har yanzu da kontak take aiki, akwai. Ɗaya an rubuta masa S, nan wayar makulli mai launin shunayya ke zuwa. Ɗayan R ne. Lokacin da inji ke aiki, koyil yana samun wuta ta wata waya da ke rage ƙarfinta don kada kontak ya ƙone. Amma lokacin da kik ke juyawa yana shanye wutar batir, sai R ya aika wa koyil cikakkiyar wuta kai tsaye. Idan babu shi, inji zai yi ta juyawa bai kama ba, wani lokaci sai daidai sa'ad da ka saki makulli ya tashi. Wannan alamar kaɗai ta isa ka duba R. Da kamfanin ya koma distirbuta HEI, wadda ba ta da kontak, a duk motocinsa a 1975 aka daina bukatarsa, shi ya sa solanoid na bayan nan ba su da shi.

Kik ya dace amma yana kuka. Me zan yi?

A Chevrolet da Pontiac da Oldsmobile tazarar da ke tsakanin giyar kik da filawul da siraran ƙarafan ciko ake gyara ta. Saurari lokacin kukan. Idan yana yi ne yayin da kik ke juya inji, tazarar ta yi yawa. Idan kuma sai inji ya kama, kana sakin makulli ka ji wani siririn ihu, ta yi kaɗan, giyar tana maƙalewa ba ta komawa da wuri.

Cire kan batir, tura giyar kik da sukundireba har ta shiga haƙoran filawul, ka auna tsakanin kan haƙorinta da gindin na filawul. Ana neman inci 0.020 zuwa 0.035. Wayar maƙale takardu ta ofis idan ka miƙe ta kaurinta ya kusa iyakar sama, ita makanikai da yawa ke zurawa. Idan ta ƙi shiga, sa ciko a ƙarƙashin notoci biyun don kik ya ja baya. Idan tana yawo, sa rabin ciko a notin waje kaɗai, hakan zai karkato hancin ciki. Auna a wurare uku ko huɗu a kewayen filawul, domin tsohon filawul ba lalle ya zama zagayayye sarai ba.

Notocin kansu na musamman ne. Suna da wani kaushi a wuyansu da ke cika ramin don kada kik ya motsa. Notin kasuwa mai santsi zai bar shi yana rawa, yau daidai gobe kuka. Akwai kuma ɗan ƙarfen da ke tallafe bayan kik ya ɗaure shi da bulok, wanda makanikai ke yawan jefarwa don yana ba su wahala. Kik ɗin ya kai kilo 9, yana rataye a noti biyu. Inji ya yi tari ɗaya ya koma da baya, sai hanci ya fashe, ko mafi muni kunnen bulok ya ɓalle, kuma wannan bulok ɗin shi ne mai lambar da ta ba motar darajarta.

Idan mota ta yi zafi sai kik ya mutu, ta huce ya dawo. Kik ɗin ne ba daidai ba?

Ba lalle ba. Tsohuwar cuta ce a General Motors, domin solanoid yana zaune dab da bututun hayaƙi. Zafi yana ƙara wa naɗin waya tirjiya, wutar da ke zuwa S ta tsohuwar waya kuma dama ta ragu a hanya. Motoci da yawa sun fito da ɗan garkuwar zafi a kan solanoid, duba ko taka tana nan. Sannan a duba wayoyin batir da wayar da ke haɗa inji da bodi, a kuma duba taimin, domin idan an tura shi gaba da yawa inji mai zafi yana tokare kik. Wasu sukan ƙara rile irin na Ford a sama, dabarar tana aiki, sai dai alƙalin gasa zai gan ta.

Gwaji mai sauƙi: sa mita a batir ka murɗa makulli. Idan ya faɗi ƙasa da volt 9.6, fara zargin batir. Idan asarar da ke tsakanin kan batir da kan kik ta wuce rabin volt, waya ce.

To me zai hana in sa ƙaramin kik na zamani in huta?

Idan hawa za ka yi, ba abin da zai hana. Nauyinsa bai wuce rabin na tsohon ba, yana cin wuta kaɗan, yana barin sarari ga bututun hayaƙi. Masu Dodge da Plymouth ma sun yi sa'a, domin ƙaramin kik ɗin motocin Dakota da Ram na shekarun 1990 yana shiga tsofaffin injinansu. A ganina wannan ne ya fi ga motar da ake fita da ita kowane mako. Amma ka naɗe na asalin ka ajiye, kuma ka sani kukan nan na Chrysler ya tafi. Da yawa daga cikin na zamani ba su da R, sai an yi wa koyil wata dabara.

Yaya zan gane lambar jabu?

Tunda lamba ta zama kuɗi, masu buga ta ma sun samu sana'a. Sukan goge tsohuwar su buga sabuwa. Shafa yatsa a wurin: ganga zagayayya ce, idan ka ji wurin lambar ya shafe ko ya lotsa an goge shi. Haska tocila daga gefe ka ga ko zanen ƙarfen wurin ya bambanta da na kewayensa. Kwatanta siffar alƙaluman da na kik ɗin da ka tabbatar da shi, musamman 1 da 4 da 6. Duba ko ranar da aka buga ta faɗa cikin shekarun da aka yi amfani da wannan lambar. Ganga mai lambar inji mai ƙarfi amma babu gurbin bututun jan ƙarfe ta tona kanta. Mai sayarwa nagari zai gaya maka da bakinsa idan bugun sabo ne, kuma akwai masu yin hakan a fili su sayar da shi a matsayin kwaikwayo.

Kanti ya ce in kawo tsohon a rage mini kuɗi. In ba su?

Kada ka bayar sai ka karanta lambarsa. Ta wannan hanyar ce mafi yawan kik na asali suka ɓace: an miƙa su a kan ragin 'yan daloli, suka shiga tarin masu gyara, aka wargaza su. Idan lamba da kwanan wata sun dace da motarka, kai shi wurin mai wayarin da ya san tsofaffin kaya, ka ce naka kake so a dawo maka da shi, ka ɗauki hoton lambar a gabansa. Abin da ke lalacewa kaɗan ne: buroshi, bushin, giyar Bendix mai shiga haƙoran filawul, da faifan jan ƙarfen da ke cikin solanoid. Babban notin jan ƙarfen solanoid na Delco ma idan gefe ɗaya ya cinye ana juya shi a yi amfani da ɗayan gefen. Ka roƙe shi kada ya yi wa gangar feshin yashi mai ƙarfi, kuma fentin baƙi ya zama siriri yadda lambar za ta karantu.

Da wane kik zan fara tayar da sabon injin da aka haɗa?

Da wanda ka riga ka gwada ka auna tazararsa, ko da ba shi ne mai lamba ba. Sabon inji yana da tauri, kuma irin kamshaf ɗin wancan zamani ba ya son dogon juyi a kan kik kafin mai ya zagaya, ana so ya kama nan take. Cika batir, zuba fetur a kafireto, daidaita taimin tun kafin a taɓa makulli. Kada juyi ɗaya ya wuce daƙiƙa 15, kuma a bar kik ya huce minti biyu kafin a sake. Bayan inji ya yi gudunsa na farko an sauya mai, sai a sauke wannan a ɗaura mai lambar, a sake auna tazara, domin cikon da ya yi wa wancan daidai ba lalle ya yi wa wannan ba.